GALOF: YADDA SUKUWAR DOKI TA KOMA RAMIN TITI

Wata baiwar Allah ta aiko mini da wasiƙa tana ƙorafi a kan wani littafina, wai don me na rubuta "motar ta faɗa galof" alhali Hausa na da kalmar gargada. Shi ya sa yau na ce bari mu bi sawun wannan kalma.

Asalinta Turanci ce, gallop, kuma a Ingila ma'anarta sukuwar doki, babu ruwanta da titi. A nan Najeriya ne ta rikiɗe ta zama ramin hanya mai cilla mota sama.

To yaya aka yi? Layin dogo ya iso Gusau daga Zariya, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga. Sannu a hankali manyan motoci suka karɓe aikin jakuna da raƙuma a kan hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe, Gusau da Bunguɗu ta nufi Sakkwato. A ganina, duk wanda ya san doki, in ya hau bayan lori ta afka rami, jikinsa zai gaya masa sukuwa ake yi. Direbobi da yaran mota suka riƙe kalmar, har sunan tsallen ya koma kan ramin da ke jawo shi.

Amma galof ba gargada ba ce, kuma ba a makaranta na koyi haka ba. Wani dare na ɗauko maiɗakina daga Tsafe tana naƙuda, muka nufi asibiti a Gusau. Gargada kam ta daure mata, don jijjiga ce mai ɗorewa, jiki na sabawa. Dab da Kwatarkwashi muka afka galof guda ɗaya tak. Ta ƙwalla ƙara, sannan ta yi shiru. Wallahi na ɗauka ta cika. Direban sai cewa yake, "Yi haƙuri Malam, ban gan shi ba."

Allah Ya sauke ta lafiya da asuba. Don haka 'yar'uwa, ki yi mini afuwa, kalmar nan tana nan daram a littafin. Gargada tana yin sallama, galof kuwa ba ya yi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.