Gyaɗar Dutse da Zaurancen Jamus

A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu Dutse gunduma ce cikin ƙasar Kano, manoman Yalwawa da na kewaye kuwa nesa suke da teku ƙwarai, amma yaƙin teku bai bar su ba. Gyaɗar da suka noma Kano ake kai ta, jirgin ƙasa ya sauke ta Ikko, daga can jiragen ruwa su taru a Firitawun ta Saliyo, su ɗunguma ayari guda zuwa Ingila. Ta wannan hanya kuma gishiri da yadi da kananzir ke zuwa, shi ya sa suka yi wuya a kasuwanni.

Jamus sun san haka, sai suka aiko da jiragen ƙarƙashin ruwa su yi kwanto. A 1941 ɗaya kawai daga cikinsu, U-107, ya nutsar da jirage 14 a fita guda, har da Adda na kamfanin Elder Dempster, ran 8 ga Yuni.

To, waɗannan jirage da wayar iska ake ba su umurni, kowa na iya tsinta. Saboda haka sai aka riƙa juya saƙon da wata na'ura, Enigma, mai faifai uku masu juyawa. Kowane harafi aka buga sai ya fito wani dabam, kullum kuma akan sake tsarin faifan. Wannan zaurance ne, amma na ƙarfe. Mai zaurance dai bakinsa ke tona shi, don ba ya barin maganar da ya saba. Haka Jamus, kullum sai sun aika da labarin yanayi cikin kalmomi kusan iri ɗaya, ga shi kuma na'urar ba ta taɓa mayar da harafi ya zama kansa. Ta nan Alan Turing da abokan aikinsa a Bletchley Park suka sami ƙofa, takardun da aka ƙwace cikin U-110 a Mayu 1941 suka ƙara taimako. Cikin Yuni Ingilishi suka bi jiragen da ke kai wa masu kwanton mai, suka hallaka su, hanyar Saliyo ta ɗan lafa.

A Fabrairu 1942 Jamus suka ƙara faifai na huɗu, ƙofa ta rufe wata goma. Lokacin ya zo daidai da faɗawar ƙasashen gabas hannun Japan, sa'ad da Ingila ta fi matsuwa da man gyaɗa. A Oktoba ayarin SL 125 da ya taso daga Firitawun ya yi hasarar jirage fiye da goma. Sai a Disamba aka sake warware zaurancen, da taimakon takardun da aka tsamo daga U-559 kafin ya nutse.

Abin da teku ta haɗiye kuwa, mai daraja kaɗai ake bi. Jirgin Gairsoppa ya bar Firitawun ɗauke da azurfar Indiya, gawayi ya ƙaranta, ya rabu da ayari, U-101 ya nutsar da shi a Fabrairu 1941, mutum ɗaya ya tsira. A 2012 da 2013 aka ciro azurfa fiye da tan 100 daga zurfin mita 4,700. Jiragen gyaɗa ba wanda ya koma nemansu, gumin manomi yana can ƙasa tare da ma'aikatan jirgin da suka ɗauko shi.