Injiniyancin manhaja

Injiniyancin manhaja fanni ne na ilimi da sana'a da ya shafi tsara manhajar kwamfuta, rubuta ta, gwada ta da kula da ita bisa ƙa'ida, ta yadda za ta yi aikin da aka nufa, a gama ta a lokacin da aka ɗiba, da kuɗin da aka ware mata. Ya bambanta da rubuta manhaja zalla. Mutum ɗaya yana iya zama ya rubuta ƙaramar manhaja cikin kwana biyu ba tare da wani tsari ba. Amma manhajar banki, ta asibiti ko ta jirgin sama mutane da yawa ne ke haɗa ta, tana cin shekaru, kuma sau da yawa waɗanda za su ci gaba da gyara ta ba su taɓa ganin waɗanda suka fara ta ba. Matsalolin da ke tasowa daga wannan hali su ne abin da fannin yake nazari. Ya kuma bambanta da kimiyyar kwamfuta, wadda ta fi karkata ga lissafi da ka'idojin abin da na'ura za ta iya warwarewa.

Suna

Kalmar "manhaja" ta shigo Hausa daga Larabci, inda take nufin hanya ko tsarin da ake bi. An fi saninta a da a cikin "manhajar karatu", daga baya ma'anarta ta faɗaɗa zuwa jerin umarnin da kwamfuta ko waya ke bi. "Injiniya" kuwa aron Turanci ce.

A Turanci ma haɗa kalmomin biyu bai zo da sauƙi ba. Margaret Hamilton, wadda ta jagoranci masu rubuta manhajar kumbon Apollo a jami'ar MIT ta Amurka, tana cikin waɗanda suka fara amfani da sunan a shekarun 1960, domin a ɗauki aikinsu da daraja ɗaya da na masu ƙera na'urar kanta.

Tarihi

A shekarun 1960 kwamfutoci sun yi ta ƙara ƙarfi, gwamnatoci da kamfanoni suka fara neman manyan manhajoji. Ayyuka da dama suka riƙa wuce wa'adi, suna ninka kasafin kuɗi, wasu kuma a gama su su ƙi aiki. Wannan hali aka laƙaba wa suna "rikicin manhaja". A watan Oktoba na 1968 kwamitin kimiyya na ƙungiyar NATO ya tara masana kimanin hamsin a garin Garmisch na ƙasar Jamus, ƙarƙashin shugabancin Friedrich Bauer. Da gangan aka sa kalmar injiniyanci a sunan taron don a tsokano muhawara, tunda a lokacin babu ƙa'idoji irin na masu gina gada a wannan aiki. An sake taro a birnin Rum a 1969.

A 1968 ɗin ne Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya soki yawan amfani da umarnin da ke sa manhaja tsallake daga wani layi zuwa wani ba bisa tsari ba, domin yana hana mai karatu bin sawun abin da ke faruwa. A 1972 David Parnas ya kawo shawarar a raba manhaja ɓangare-ɓangare, kowane ɓangare ya ɓoye yadda yake aiki a ciki, ya bar wa saura ƙofar magana da shi kawai. Idan aka yi haka, gyara a wuri ɗaya ba zai rushe sauran ba. Har yau kusan duk tsarin manhaja a kan wannan tunani yake.

Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya fitar da littafin The Mythical Man-Month a 1975. Abin da aka fi tunawa da shi a ciki shi ne cewa ƙara ma'aikata a aikin manhajar da ya riga ya makara yana ƙara masa jinkiri ne. Gona ana iya kiran gayya a nome ta a yini ɗaya, saboda kowa zai kama kunyarsa ba tare da ya tambayi na kusa da shi komai ba. Manhaja ba haka take ba. Sabon zuwa sai tsofaffi sun bar aikinsu sun koya masa, kuma hanyoyin magana tsakanin ma'aikata suna ƙaruwa fiye da yawansu: mutum 5 suna da hanyoyi 10 a tsakaninsu, mutum 50 kuwa 1,225.

Matakan aiki

Kowace hanya aka bi, akwai ayyukan da ba a tsallake su. Na farko shi ne gano buƙatu, wato fahimtar abin da masu amfani ke so manhajar ta yi. Masana da yawa suna ganin nan ne wurin da ya fi wuya, domin mai buƙata kan kasa fayyace abin da yake so sai ya ga wani abu a gabansa, sannan akwai abubuwan da ba ya faɗa saboda yana ganin kowa ya san su.

Rubutun Hausa ya ishe mu misali. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta na ASCII yana da alamomi 128 kacal, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a ciki, sai tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya ba su gurbi. Idan ba a rubuta cikin buƙatu cewa dole manhaja ta karɓi haruffa masu lanƙwasa ba, tana iya mayar da su alamar tambaya, ko ta haɗe "ƙasa" da "kasa", alhali kalmomi biyu ne daban. Akwai ma abin da ya fi wannan ɓuya: a Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya an fi rubuta 'y, don haka akwatin bincike da bai san su abu ɗaya ba ne zai ɓoye wa mai nema rabin sakamako. Mai rubuta manhajar bai yi kuskure a rubutunsa ba, ba a gaya masa ba ne.

Bayan buƙatu sai zayyana fasali: ɓangarori nawa, ina za a adana bayanai, yaya za su yi magana da juna. Sannan rubuta umarnin kansa a ɗaya daga harsunan kwamfuta irin su C, Java ko Python. A yau kusan kowace tawaga tana ajiye rubutunta a ma'adanar da ke riƙe tarihin kowane sauyi da sunan wanda ya yi shi. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce Git, da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005.

Gwaji hawa-hawa ne: a gwada ƙaramin yanki shi kaɗai, a gwada haɗuwar yankuna, a gwada manhajar gaba ɗaya, sannan mai ita ya gwada ko ta yi masa. Dijkstra ya yi gargaɗin cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu shi. Mataki na ƙarshe, kula da gyara bayan an fara amfani, shi ne mafi tsawo, kuma galibi ya fi aikin farko cin kuɗi.

Tsarin gangarar ruwa

Hanyoyin aiki sun bambanta ne a kan yadda ake jera waɗannan matakai. A tsarin gangarar ruwa sai an gama mataki an sa hannu a takardunsa kafin a shiga na gaba, kamar ruwan da ke gangarowa ba ya komawa sama. Ana danganta shi ga maƙalar Winston Royce ta 1970. Abin mamaki, Royce bai kira shi da wannan suna ba, kuma ya zana shi ne yana bayanin cewa bin sa a haka yana da haɗari, tunda gwaji yana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da gano babban kuskure ke nufin komawa farko. Ya ba da shawarar a fara gina samfuri, a kuma riƙa jawo mai buƙata cikin aikin. Zanen ya yaɗu, gargaɗin ya tsaya a takarda. Ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar kwangilar manhaja a 1985 wadda 'yan kwangila suka fahimta a matsayin umarnin bin wannan tsari.

Duk da sukar da yake sha, tsarin yana da amfani inda buƙatu ba sa sauyawa sosai kuma hukuma ke neman shaidar kowane mataki a rubuce, kamar manhajar na'urorin asibiti. A 1986 Barry Boehm ya gabatar da tsarin zagaye, inda ake maimaita matakan sau da yawa, kowane zagaye a fara da abin da ya fi barazanar kayar da aikin.

Hanyoyin sassauci

A watan Fabrairu na 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwa mai manufofi 4 da ƙa'idoji 12, wadda ta ba hanyoyin sassauci sunan da aka san su da shi, Ajayil. Gundarinta shi ne a karɓi sauyi a matsayin abin da ba makawa, a riƙa miƙa wa mai buƙata manhaja mai aiki kaɗan-kaɗan, ya gani ya yi gyara tun da wuri.

Mafi shahara cikinsu ita ce Sikiram, da Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995. Sunan daga wasan rugbi yake, ta hanyar wata maƙala da Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka suka buga a 1986 kan yadda kamfanoni ke ƙirƙiro sababbin kaya. Ana raba aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba. Mutum ɗaya ke da alhakin jera buƙatu bisa muhimmanci, tawaga ta ɗebi abin da za ta iya gamawa a zangon, tana kuma yin taron minti 15 kowace rana. A ƙarshen zango a nuna abin da aka gina, sannan tawagar ta zauna ta duba yadda ta yi aiki. Kent Beck kuma ya fito da wata hanya a littafinsa na 1999, wadda ta fi mai da hankali ga rubutun kansa: mutum biyu a kwamfuta ɗaya, da rubuta gwaji tun kafin a rubuta abin da za a gwada. Kamban, wadda ke taƙaita yawan ayyukan da ake riƙe da su a lokaci ɗaya, an aro ta daga masana'antar motoci ta Toyota a Japan. Daga 2009, bayan wani taro a birnin Ghent na Beljiyam, aka fara haɗe masu rubuta manhaja da masu tafiyar da ita, har wasu kamfanoni suna sakin gyara sau da dama a rana.

Su ma waɗannan hanyoyi ba su tsira daga suka ba. Suna wahalar da mai son sanin farashi da ranar gamawa tun kafin a sa hannu a kwangila. A wurare da yawa kuma tarurrukan kawai aka ɗauka, aka bar ainihin abin, wato sauraron mai amfani. Brooks ya riga ya yi hasashe a 1986 cewa babu wata dabara guda da za ta ninka yawan aikin manhaja sau goma cikin shekara goma, domin wahalar tana cikin sarƙaƙiyar matsalar da ake warwarewa.

Idan manhaja ta gaza

Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko. An ɗauko wani ɓangaren manhaja daga Ariane 4, inda ya yi shekaru yana aiki lafiya. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu, sai wata lamba ta zarce 32,767, iyakar abin da gurbin da aka tanadar mata zai ɗauka. Na'urar ko-ta-kwana ita ma manhaja iri ɗaya take ɗauke da ita, don haka ta faɗi ta hanya ɗaya. Binciken da aka yi ya ɗora laifin a kan buƙatu, zayyana da rashin gwaji da alƙaluman sabuwar rokar.

Tsakanin 1985 da 1987 na'urar gashin cutar daji ta Therac-25, ƙirar Kanada, ta zuba wa marasa lafiya aƙalla shida hasken da ya wuce kima, wasu suka mutu. An cire makullan kariya na ƙarfe da tsofaffin samfura ke da su, aka dogara ga manhaja kaɗai. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda ɓangare ɗaya yana lissafi da ma'aunin Ingilishi, ɗayan da ma'aunin mita.

Matsayin sana'ar

Har yanzu ana muhawara kan ko fannin ya cika injiniyanci. A yawancin ƙasashe ba a buƙatar lasisi kafin mutum ya rubuta manhaja, saɓanin mai zanen gada. Ƙungiyoyin ACM da IEEE sun amince da kundin ɗa'ar sana'ar a 1999, wanda ya sa maslahar jama'a a gaba, amma ba doka ba ne. A Amurka an fara jarrabawar lasisin injiniyan manhaja a 2013, aka dakatar da ita a 2019 saboda ƙarancin masu zama.

Tambayar wa zai ɗauki alhaki ta sake tasowa a Birtaniya kan manhajar lissafi ta Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya haɗa wa hukumar gidan waya. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi, aka gurfanar da masu riƙe da ƙananan gidajen waya fiye da 900 tsakanin 1999 da 2015, wasu suka yi zaman kurkuku. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a watan Afrilu na 2021, sannan majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 2024 da ta wanke ɗaruruwa a lokaci ɗaya.