Wa Ke Tuhumar Mai Mulki? Tsare-tsaren Mulki a Biranen Girka ta Dā

Ƙasar Girka ta dā, wadda malaman Larabci suka sani da sunan Yunan, ba daula ɗaya ba ce ƙarƙashin sarki ɗaya. Birane ne fiye da dubu, warwatse daga gaɓar Bahar Aswad har zuwa kudancin Italiya, harshensu ɗaya, amma kowanne yana cin gashin kansa, kusan kamar yadda Kano da Katsina da Zazzau suka zauna kafin ƙarni na 19. Saboda haka babu irin mulkin da ba a gwada a can ba. Wannan lacca za ta auna waɗannan tsare-tsare da tambaya guda: idan mai riƙe da muƙami ya ci amana, wa ke da ikon tuhumarsa? Shekarun da za a ambata, in ban da guda ɗaya, duk na kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) ne, don haka lissafinsu raguwa yake yi.

Masani Aristo da almajiransa sun tattara bayanin tsarin mulkin birane 158. Na birnin Atina kaɗai ya iso wannan zamani kusan cikakke, a wata tsohuwar takarda da aka samo a Masar, aka buga a 1891 Miladiyya. Aristo ya kasa mulki gida uku bisa yawan masu riƙe da shi: na mutum ɗaya, da na 'yan ƙalilan, da na jama'a masu yawa. Kowanne kuma yana da nagari, mai kula da maslahar kowa, da gurɓatacce, mai kula da maslahar masu mulkin kaɗai. Sai dai kowane mai mulki yana da'awar cewa don jama'a yake yi. Tuhuma ce ke bayyana gaskiyar da'awar.

Da farko Atina tana hannun wasu 'yan gidaje masu asali, waɗanda su ne masu gonaki, su ne kuma alƙalai. Talakan da ya kasa biyan bashi, ana iya sayar da shi bawa tare da 'ya'yansa. Da al'amari ya kai ga tawaye, sai a shekarar 594 aka danƙa wa Solon ikon gyara. Ya soke basussuka, ya hana bautar da ɗan gari saboda bashi, ya kasa mutane aji huɗu gwargwadon amfanin gonarsu, har dukiya ta maye gurbin asali wajen samun muƙami. Mafi muhimmanci, ya ba kowa damar ɗaukaka ƙara daga hukuncin mai muƙami zuwa kotun jama'a.

Duk da haka rikici bai ƙare ba. Wani jarumi mai suna Fisistratus ya ƙwace mulki da ƙarfi, ya kafu sosai daga 546 har mutuwarsa a 527. Ya ba manoma rance, ya tura alƙalai ƙauyuka, talakawa suka so shi. Amma alherin mai kama-karya kyauta ce, ranar da ya so sai ya janye. Bayan an kashe ɗansa Hifarkus a 514, ɗaya ɗan nasa, Hifiyas, ya koma zalunci, babu kuma wata kotu da za ta kira shi. Sai da sojojin birnin Isbarta suka zo a 510 kafin a kore shi.

Ita Isbarta tsarinta dabam ne. Sarakuna biyu gare ta a lokaci guda, daga gidaje biyu, da majalisar dattawa 28 waɗanda suka kai shekara 60, sannan da masu sa ido biyar da ake zaɓa kowace shekara. Duk wata sarakuna sukan yi rantsuwar bin doka, masu sa ido kuma su yi rantsuwar kare sarauta muddin sarki ya cika alkawari. Suna da ikon gurfanar da sarki, kuma a 395 an yanke wa Sarki Fausaniyas hukunci, ya tsere ya mutu a gudun hijira. Amma wannan tsari ya tsaya ne a kan guminsu helot, wato talakawan da aka bautar suna yi wa Isbartawa noma, waɗanda ba su da inda za su kai kuka.

A Atina kuwa, Kilistenis ya kawo gyaran da ake ɗauka a matsayin mafarin dimokuraɗiyya a 508. Ya rarraba 'yan gari ƙabilu goma bisa mazauni, domin ya karya ƙarfin manyan gidaje, kowace ƙabila ta ba da mutum 50 ga majalisa mai wakilai 500. Majalisar takan shirya batutuwa, babban taron 'yan gari ya yanke shawara. Yawancin muƙamai ta ƙuri'ar sa'a ake cika su, na shekara ɗaya tak. Sarakunan yaƙi goma ne fitattu cikin waɗanda ake zaɓa.

Ana iya cewa ba da muƙami ta hanyar sa'a ganganci ne, amma Atinawa sun kewaye shi da bincike. Kafin mutum ya kama aiki, sai a tambaye shi asalinsa, da ko yana kyautata wa iyayensa, yana biyan haraji, ya kuma yi aikin soja. Idan wa'adinsa ya cika, sai ya miƙa lissafin kuɗin da suka bi ta hannunsa ga masu bincike goma, ba ya kuma barin gari sai an wanke shi. Wanda aka kama da cin dukiyar baitulmali zai biya ninki goma. Ko Farikilis, babban jagoran Atina, an tuɓe shi an ci shi tara a 430. Haka nan taro yana iya korar ɗan siyasar da ake tsoron ƙarfinsa na shekara goma, ta rubuta sunansa a kan katangar tukunya.

Wannan tsari yana da nasa aibu. Mata da bayi da baƙi ba su da murya a cikinsa, alhali su ne mafi yawa. Sannan shi kansa taron, wa ke tuhumarsa? A 406, cikin fushi, ya yanke wa sarakunan yaƙi hukunci a dunƙule, saɓanin doka, aka kashe shida, ko da yake Sukrat ya ƙi yarda. Shi ma Sukrat kotun jama'a ce ta yanke masa hukuncin kisa a 399, abin da ya ƙara wa almajirinsa Aflatun ƙyamar mulkin taro.

Amma Atinawa sun ɗanɗani kishiyarsa. Da Isbarta ta ci su da yaƙi a 404, aka ɗora musu mutum talatin waɗanda babu mai bincikensu. Cikin wata takwas, bisa ruwayar littafin nan na Aristo, sun kashe mutum 1,500. A 403 aka maido da dimokuraɗiyya tare da afuwa ga yawancin masu laifi, ta kuma ɗore har 322, lokacin da Makidoniyawa suka rushe ta, suka keɓe mulki ga masu dukiya.

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, sarki da attajiri da taron jama'a duk sun yi zalunci a lokacin da suka tabbata babu mai tambayarsu. Inda mulki ya fi ɗorewa cikin aminci kuwa, za a tarar mai muƙami ya san tun ranar da ya karɓi aiki cewa akwai ranar da zai ba da lissafi, ya kuma san gaban waɗanda zai ba da shi.