Bayani Kan Man Shafawa Mai Sitiroyid da Yadda Ake Amfani da Shi

Da zarar hunturu ya kama, mutane da dama a ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan kan yi fama da bushewar fata da ƙaiƙayi. Haka kuma manoman rake da tumatir kan gamu da kumburin fatar hannu sakamakon taɓa takin zamani da maganin feshi. Daga cikin magungunan da likitoci ke rubutawa akwai man shafawa mai sitiroyid, don haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kansa.

Mene ne shi?

Sitiroyid sinadari ne da aka kwaikwayo daga wanda jikin ɗan Adam ke samarwa da kansa. An fara shafa shi a fata a Amurka cikin shekarar 1952. Aikinsa shi ne kwantar da kumburi da ƙaiƙayi a cututtuka irin su egzima da soriyasis da borin fata, amma ba ya kashe ƙwayar cuta.

Ƙarfinsa hawa-hawa ne. Haidirokotizon ne mai sauƙi. Betametason, wanda ke cikin Betnovate, ya fi shi ƙarfi. Kulobetasol kuwa, wanda ke cikin Dermovate, yana sahun mafiya ƙarfi. Mayukan Funbact-A da Skineal da ake saye a kemis su ma suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi.

Inda bai dace ba

Ba a shafa shi a kan makero ko kyasbi ko ƙazuwa ko maruru ko gyambo ko ƙurajen fuska. Idan aka shafa wa makero, ƙaiƙayin kan lafa har a zaci an warke, alhali cutar tana ƙara yaɗuwa. Wanda ya ga tabo mai haske a jikinsa, kuma ba ya jin taɓi a wurin, ya garzaya a duba shi, domin yana iya zama alamar kuturta.

Yadda ake shafawa

1. A wanke hannu, sannan a matso man daga kan yatsan manuni zuwa gaɓarsa ta farko. Wannan kimanin rabin giram ne, kuma ya ishi wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba.
2. A shafa sama-sama a inda cutar take kawai, sau ɗaya ko biyu a rana.
3. Galibi mako ɗaya zuwa biyu ya wadatar. Kada a zarce wa'adin da likita ya ɗiba.
4. Fuska da hammata da matsematsi fatarsu ba ta da kauri, mai sauƙin kawai ake sa musu.
5. A ci gaba da shafa man kaɗanya ko basilin, amma a bar tazarar kimanin minti 30 tsakaninsu.

Illar wuce gona da iri

Daɗewa ana shafa shi kan jawo sirancewar fata da nankarwa da ƙuraje, kuma kusa da ido yana iya haddasa yanar ido. Idan ya ratsa cikin jini yakan kawo kumburin fuska da hawan jini da ciwon sukari. Jarirai sun fi shiga haɗari, musamman idan aka shafa musu aka ɗaura kunzugu, har yakan tauye girmansu. Muna roƙon iyaye mata su daina cuɗa shi da man shafawar yara.

Yana kuma cikin abubuwan da ake bilicin da su, al'adar da hukumar NAFDAC ta ayyana a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a shekarar 2023. Wanda ya daɗe yana shafawa kada ya daina farat ɗaya, ya nemi likita ya janye masa a hankali.

Inda za a je

A fara da cibiyar lafiya mafi kusa, ko asibitocin gwamnati da ke Ikara da Makarfi da Hunkuyi, a kuma tafi da kwalin man da ake shafawa. Idan abin ya faskara, akan tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.