Garin Gawayi da Tsinin Allura: Yadda Zane Yake Sauka a Kan Yadi

Kafin mai surfani ya soka allurar farko, akwai matsalar da dole ya warware: zanen yana kan takarda, aikin kuma a kan yadi za a yi shi. Idan yadin fari ne marar kauri, sai a ɗora shi bisa takardar a ɗaga wa haske a bi layi. Amma karammiski ko baƙin ulu ba sa barin haske ya ratsa, alƙalami kuma in ya kauce a kan siliki mai tsada, asara ta tabbata. Dabarar da masu sana'a suka dogara da ita ƙarni bayan ƙarni ba ta buƙatar komai sai allura da ɗan gari.

Ana shimfiɗa takardar zanen a kan abu mai laushi, a bi kowane layi da allura ana hudawa kusa da kusa. Sai a ɗora takardar a kan yadin da aka ɗame, a ƙulle gari a tsumma ko a naɗe guntun ƙyalle a dangwala, a riƙa gogawa a hankali. Garin ya bi ta hujin ya sauka, in an ɗage takardar sai ga zanen a jere ɗigo-ɗigo. Garin gawayi ake sa wa farin yadi, mai duhu kuma alli ko dakakken ƙashin wata halittar teku. Wannan ne lokaci mafi haɗari a aikin, domin atishawa ɗaya ta isa ta share wahalar yini guda. Shi ya sa nan take ake bin ɗigon da siririn burushi da ɗan fenti, sai ya bushe a kaɗe ragowar garin.

Daga cikin tsofaffin shaidun wannan dabara akwai waɗanda suka fito daga Dunhuang, a arewa maso yammacin ƙasar Sin. A 1900 aka gano wani kogo da aka toshe, cike da rubuce-rubuce da zane-zane, a 1907 kuma Aurel Stein ya kwashi da dama ya kai Landan. A cikinsu akwai takardun ƙarni na 10 masu siffar Buddha, layukansu duk a hude. Ba don ɗinki aka yi su ba, don maimaita siffa ɗaya ne sau da yawa ba tare da ta sauya ba. Amma hanyar ita ce dai.

A Italiya ma masu zanen bango sun rungume ta, suna kiranta spolvero, daga kalmarsu ta ƙura. Babban zanen share fage da Raphael ya yi wa hotonsa na Makarantar Atina, wanda ya zana a fadar Vatikan tsakanin 1509 da 1511, yana nan a ɗakin karatu na Ambrosiana a Milan, da hujin allura a jikinsa. Ya tsira ne saboda an huda shi tare da wata takarda a ƙarƙashi, ita aka manna wa ɗanyen shafe ta sha garin da danshin.

Littattafan masu ɗinki ba su yi wannan sa'a ba. A 1523 Johann Schönsperger ya buga littafin zanen ɗinki a Augsburg ta Jamus, wanda ake ɗauka shi ne na farko da aka buga da inji, wasu kuma suka biyo baya a Jamus da Italiya da Faransa. A littafin Il Burato na Alessandro Paganino, na wajen 1530, har akwai hoton mata suna sauke zane: wata da hasken kyandir, wata a bakin taga, wata da ƙullin gari. Matan da suka sayi irin waɗannan littattafai ba don ajiya suka saya ba. Sukan yage shafi su huda, su goga masa gawayi har ya yi baƙi ya mutu. Saboda haka littafin da ya fi karɓuwa shi ya fi saurin ƙarewa, kwafin da suka rage a yau kaɗan ne, wasunsu ma da giɓin shafuka. Masanin tarihi na iya jin takaici, amma mawallafin ba abin da ya so ya wuce haka.

A ƙasar Hausa masu zanen babbar riga wata hanya suka bi: da alƙalami da tawada suke zana aska biyu ko aska takwas kai tsaye a jikin rigar, zanen yana cikin ka da hannu. Takardar huji kuwa tana raba zane da mai zanen, ta yadda wanda bai iya zana ko ganye ba zai iya sauke aikin gwani sau hamsin.

A shekarun 1870 kamfanin Briggs na Manchester ya fito da takarda mai tawada da ake dannawa da dutsen guga mai zafi, zanen ya koma kan yadi cikin ƙiftawar ido. Matan gida suka koma gare ta. Sai dai zafi yana kwantar da gashin karammiski, don haka manyan masu sana'a ba su yar da tsummansu ba. Royal School of Needlework, wadda aka kafa a Ingila a 1872, har yanzu tana koyar da huji da gari. A Laknau ta Indiya kuwa, masu aikin zaren zinariya suna dama alli da kananzir su goga ta cikin hujin, kananzirin ya bushe ya bar farin layi a zaune.