Jiragen Fito a Mashigin Bosforus

Mashigin Bosforus ya raba birnin Istanbul gida biyu, rabi a Turai, rabi a Asiya. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 31, daga Tekun Marmara zuwa Bahar Aswad. Shekaru aru-aru kwale-kwale ne kaɗai abin tsallake shi. Masu hannu da shuni suna da nasu, talakawan ƙauyukan gaɓa kuwa sai dai su jira babban kwale-kwalen kasuwa, su cunkusu tare da kayan lambu da buhunansu. Idan iska ta taso, tafiyar ranar ta fasu ke nan.

Lamarin ya sauya a 1851, zamanin Sarki Abdulmajid, da aka kafa Shirket-i Hayriye, kamfanin hannun jari na farko a Daular Usmaniyya. Kamfanin ya sayo jirage masu tafiya da tururi daga Ingila, ya kuma tsayar musu da lokutan tashi da isowa. Wannan tsari shi ne ya mayar da ƙauyukan masunta unguwannin birni. Ma'aikacin gwamnati ya samu damar kwana a ƙauyen Sariyer ya yi sammako zuwa ofis a tsohon gari, gidajen katako na bakin ruwa da a da ake zama cikinsu lokacin zafi kawai suka zama mazaunin dindindin. A farkon shekarun 1870 kamfanin ya kawo Suhulet, wanda ake lissafawa cikin jiragen farko a duniya da aka ƙera don ɗaukar kekunan doki da dabbobinsu, su shiga ta wannan baki su fita ta wancan. Gwamnatin Turkiyya ta karɓe kamfanin a 1945, yanzu kuma jiragen suna hannun hukumar birnin da sunan Shehir Hatlari.

An gina gadar farko a kan mashigin a 1973, ta biyu a 1988, ta uku a 2016, jirgin ƙasa na Marmaray kuma ya fara ratsawa ta ƙarƙashin ruwa a 2013, amma duk da haka fito bai mutu ba. Doguwar tafiyar da baƙi ke ware wa yini guda tana bin tsohuwar hanyar jiragen fiton ce. Jirgi yakan tashi daga tashar Eminonu, ya gifta fadar Dolmabahce, ya kai inda mashigin ya fi ƙunci, wajen mita 700, tsakanin Anadolu Hisari da Rumeli Hisari, ganuwar da Sarki Muhammadu na Biyu ya gina a 1452 don tare jiragen da ke kawo wa birnin agaji, shekara guda kafin ya ci shi. Cikin jirgin ana zagayawa da baƙin shayi a ƙananan kofunan gilashi, fasinjoji na gutsura simit, wato burodi mai riɗi, suna jefa wa tsuntsayen da ke bin jirgin. Zango na ƙarshe shi ne Anadolu Kavagi, inda ake sauka a ci kifi, a hau tudu zuwa kangon ganuwar Yoros, kafin jirgin ya juyo da yamma.