Salati a Damargu da Barazanar Cutar Yaushi

Damargu, ƙasar da a yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Balbeji a arewacin jihar Damagaram, da hatsi tarihi ya san ta, domin a ƙarni na 19 ita ce rumbun da Azbin ke ci daga gare shi, kuma zango ce ga ayarin da ke bin hanyar Tarabulus zuwa Kano ta Agadas. Wannan fatauci ya durƙushe bayan da layin dogo ya isa Kano a 1911, amma noman damina ya ci gaba da riƙe jama'a har zuwa farin 1968 zuwa 1974.

Salati baƙon ganye ne da ya shigo tare da Faransawa, ya kuma daɗe yana abincin birni. Abin da ya faɗaɗa nomansa a karkara shi ne farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta tashi tsaye wajen kiran jama'a zuwa noman rani, wato noman da ake yi da ban ruwa bayan ɗaukewar damina. A Damargu, inda ruwan sama ƙalilan ne kuma rijiyoyi da yawa ke da zurfi, garka ba ta samuwa sai a bakin tafki ko cikin kwari irin na Tarka, saboda haka manomi kan maimaita shuka a wuri guda shekara da shekaru.

A nan ne tarihin wata cuta ya shafi yankin, ko da yake daga nesa ta faro. Cutar yaushin salati, wadda wata ƙwaya dangin funfuna mai suna Fusariyum ke haddasawa, a Japan aka fara ganin ta a 1955, sannan ta bayyana a Kalifoniya ta Amurka a 1990, da Arizona a 2001, da Italiya a 2002, kafin wani sabon nau'inta ya isa Ingila a 2017. Ƙwayar tana shiga ta saiwa, ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa ga ganye, sai ganyen ya yi rawaya ya yi yaushi alhali ƙasa tana jiƙe, kuma idan aka tsaga saiwar sai a ga cikinta ya yi ja mai duhu. Tana iya shekaru a cikin ƙasa ba tare da salati ba, tana bin iri, tana bin turɓayar da ta maƙale a fartanya ko takalmi, kuma zafin ƙasa yana ƙara mata ƙarfi.

Sanyin hunturu kariya ce ga salatin Damargu, sai dai ƙarancin ruwa ya hana manomi babban makamin da ake yaƙar wannan cuta da shi, wato hutar da fili ko sauya shuka na tsawon shekaru, kuma wannan abin damuwa ne ga duk wanda ya san yadda garka ke cike giɓin rumbu a shekarar da damina ta gaza. Wata dabarar da aka gwada a Arizona ta dace da yankin: a jiƙa fangali, a rufe shi da farar leda kamar wata guda a tsakiyar bazara, zafin rana ya rage ƙwayar kafin a yi dashe.